Katin Zaɓen Hinda Mai Nono

Duk wanda ya saba cin kasuwar Kwaya ko ta Magariya ya san Hinda mai nono, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwa ce siririya, tana zama a ƙarshen layin masu fura, ƙwaryarta rufe da faifai mai ado. Ba ta zuba ruwa a nono, kuma ba ta jure a ce ta zuba. An taɓa ganin ta fizge ludayi daga hannun wani direba da ya yi mata wannan wasan, ta ce ya tafi ya sha na wadda ya yarda da ita. Mutane sun yi dariya, ita ba ta yi ba.

A wata ruga kusa da Dogo-Dogo aka haife ta, gidan da ake kiwo ana kuma noman gero. Mahaifinta ya mutu bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Cewa yake hukuma ta san hanyar rugarsu ranar ƙidayar shanu, amma ranar tambayar ra'ayin mutane sai hanyar ta ɓace mata. Da ta isa aure aka kai ta Gidan Kalgo, wani ƙauye a cikin komin ɗin Kwaya, wato ƙaramar hukumar, gidan mijinta Hammadu. Unguwarsu ita ake kira Tudu, can yamma da gari, inda masu shanu suke zaune da garkensu da gonakinsu. Hammadu mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya, ko saniyarsa ta yi ɓarna shi ke fara ba da haƙuri tun kafin mai gona ya buɗe baki.

Shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu da yawa, Hinda tana goye da ɗiyarta ta fari, Hafsatu. Tun a gida Hammadu ya kwatanta mata takardar da za ta ɗauka, ita ce wadda mai gari ya ce kowa ya ɗauka. Ta ce to. Da ta shiga bayan zanar da aka kewaye a kusurwar aji, ta waiwaya, ta ga babu kowa. Babu miji, babu uwar miji, babu mai gari. Ta daɗe a tsaye har mai gadin ƙofa ya yi gyaran murya. Sai ta ɗauki wata takarda daban, ta saka, ta fito. Da suka koma gida ba ta ɓoye masa ba.

"To me ya sa?" in ji Hammadu.

"Don na ga babu mai hana ni," in ji ta.

Daga ranar ba a sake yin zaɓen da ya wuce ta ba. Ko ta kuskure kasuwa, ko nono ya tsinke, sai ta je. Ba wai ta yarda da ƴan siyasa ba ne. Ta ga alkawarinsu iri-iri, ta ga atamfa mai hoton fuska, ta ga sabulu da gishiri. Abin da take so shi ne wannan tsayuwar a bayan zana, inda ita da mai kuɗin garin suke daidai.

Mai kuɗin garin kuwa Barau ne. Gyaɗa da wake yake saye yana tsallaka iyaka da su, kuma ya daɗe yana konseye, wato wakilin yankin a majalisar komin. Laifinsa a wajen matan Tudu ba ɓoyayye ba ne. Wani froje, wato shirin raya karkara, ya zo ya haƙa wa gari famfo, aka auna wuri tsakanin Tudu da cikin gari don kowa ya samu. Ranar da motar haƙa ta iso, sai aka ga ta tsaya a bayan gidan Barau. Kafin damina ya ja katanga ya haɗe famfon da garkarsa ta albasa. Yakan buɗe ƙofa in ya ga dama, ya rufe in ya ga dama. Matan Tudu suka koma tsohuwar rijiya mai zurfi wadda shanu ke sha, suna jan igiya har tafin hannunsu ya zama kamar fatar kirgi. Hinda ta yi magana, mai gari ya ce a yi haƙuri. Ta sake yi, aka ce ta cika baki.

Da zaɓen komin na shekarar dubu biyu da ashirin ya matso, wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, mai suna Yunusa ya shiga takara a wata jam'iyya. Bai raba komai ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne in ya shiga majalisa zai tayar da maganar famfo har a rushe katangar. Hinda ta ce ba ta ce waliyyi ne ba, amma ko ba komai, ba shi ne ya ja katanga ba.

A wannan karon sabon kati aka ce kowa zai yi, mai hoto da zanen yatsa. Hinda ta bi gida-gida a Tudu tana kora mata zuwa wajen na'ura. Mai jego ta riƙe mata jariri, tsohuwa ta samo mata amalanke. Ta san abin da take yi. Da an gama girbi mazan Tudu watsewa suke, wasu ci-rani a Najeriya, wasu Agadas, wasu su bi shanu. Ranar zaɓe mata ne gari. Barau ma ya san haka.

Daminar shekarar ta yi ɓarna. Ɗakuna sun faɗi, rumbuna sun jiƙe, gero ya yi baƙi a wasu gonaki. Katuna suka iso bayan girbi, kowace mace ta ƙulle nata a leda ta soke a cikin adaka. Ba a jima ba, wata safiya, sai ga Sidi ya shigo Tudu sanye da wata ƴar riga mai rubutu a baya. Sidi yaron Barau ne, shi ke auna masa gyaɗa, shi ke tuƙa masa moto, wato babur. Amma kuma ɗan Ƙande ne, aminiyar Hinda, wadda suke jan igiya tare a bakin rijiya, kuma wadda ba ta ɓoye ƙin Barau ko a gaban ɗanta.

Ya tara mata a gindin kalgo, kowace da katinta ƙulle a bakin zane, ya ce wata ƙungiyar agaji za ta raba gero ga matan da ruwa ya yi wa ɓarna. An ce konseye ya tattara katunan zaɓe don a kwafi sunaye, jibi a dawo da su.

"Wace ƙungiya ce?" in ji Hinda.

"Ta Turawa ce, Gwaggo. Sunan ba ya kamuwa a baki."

"Ka kwafi sunayen a nan mana. Ga mu, ga katunan."

"Na'ura ce ke kwafa, tana Damagaram. In ba ku so shi ke nan, matan cikin gari sun riga sun bayar."

Mata suka fara kallon juna. Akwai waɗanda tun lokacin suke auna tuwon dare da ido. Ƙande ce ta fara kwance bakin zane. Ta ce ɗanta zai iya yi wa duniya ƙarya amma ba zai yi mata ba. Ta miƙa nata. Sauran suka bi. Hinda ce ta ƙarshe, ta miƙa tana kallon ƙwayar idonsa, shi kuwa yana kallon ledar da ke hannunsa.

Jibi ta zo ta wuce. Sidi ya ce mota ce ta lalace. Aka sake kwana biyu, ya ce mai na'ura ba shi da lafiya. Daga nan ya daina biyowa ta Tudu, ko gidan uwarsa sai ya tabbatar ta tafi rijiya. Hinda ta shiga cikin gari da tallan nono tana tambaya a hankali. Ta tarar ba a karɓi katin kowa ba a gidajen da ke tare da Barau. Na Tudu aka kwashe, da na matan da aka san suna ƙorafin famfo.

Ta ajiye ƙwarya ta nufi ƙofar mai gari. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ranka ya daɗe, an yi mana sata da rana tsaka."

"Hinda, a dinga tauna magana. Kati ne fa, ba saniya ba. Zai dawo."

"Yaushe? Bayan an rufe akwati?"

Mai gari ya gyara zama, ya ce zai yi wa konseye magana. Tana ganin buhun takin zamani jingine a zaurensa, ta san wanda ya kawo shi, ta san kuma maganar ba za ta wuce zauren ba.

A gida Hammadu ya ce ta bar zancen. Ya ce shanunsu ta gefen gonar Barau suke bi zuwa kiwo, in ya toshe hanya ina za su bi? Ya ce zaɓe ɗaya ne, wani zai zo.

"Malam," in ji ta, "da saniyarka ya kama ya ɗaure, haka za ka ce, wata za ta haihu?"

"Ai wannan daban."

"Daban ne a wajenka."

Ranar kasuwar Magariya ta hau moton haya da man shanunta. Ta sayar da wuri, ta shiga tambaya har aka nuna mata wani ɗan ofishi na wata ƙungiya mai wayar da kan jama'a a kan zaɓe. A can ta sami wata mata mai suna Aziza. Aziza ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta ce abin da aka yi musu laifi ne babba, babu wanda yake da ikon riƙe katin wani, kuma ba Gidan Kalgo kaɗai ake jin irin wannan ba. Ta ce za ta rubuta ƙara ta kai inda ya dace, za ta kuma zo garin ranar zaɓe ta sa ido. Amma ta faɗa mata gaskiya: ƙara tana da tafiyarta, zaɓe kuwa saura ƴan kwanaki.

"To mu zauna ke nan?" in ji Hinda.

"Ban ce ku zauna ba, Inna. Abin da mai irin wannan aiki ya fi tsoro shi ne a faɗa a gaban mutane. Amma kada ku taɓa kowa, kada ku ba su hujja."

Hinda ta dawo da wannan maganar a ranta. A bakin rijiya ta faɗa wa mata abin da ta shirya. Ta ji labari Barau zai yi babban taron kamfe a ƙofar gidansa, manyan jam'iyyarsa za su zo daga Damagaram. Ta ce tun da gero aka yi musu alkawari, ranar za su je karɓa. Kowace ta zo da abin awonta. Wasu suka ce suna tsoro, wasu suka ce mazansu ba sa nan, wa zai tsaya musu? Ƙande tana gefe tana jan igiya. Tun da abin ya bayyana ta daina haɗa ido da kowa, ta rame kamar mai jinya. Da aka watse ta ce wa Hinda, "Ni na jawo muku. Zan zo."

Ranar taro aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, lasifika tana ta kiran sunan Barau. Baƙi suka iso cikin manyan motoci da hantsi. Ana tsakiyar jawabi sai mutane suka fara waiwaye. Matan Tudu ne suke tahowa a jere, tsofaffi da masu goyo, kowace da ƙwarya ko tiya ko buhu babu komai a ciki. Ba su yi waƙa ba, ba su yi ihu ba. Suka ratsa taron suka zauna a ƙasa gaban rumfar baƙi, suka ajiye ƙoren a gabansu a buɗe.

Mai jawabi ya sauke lasifika. Barau ya taso yana murmushin da bai kai ido ba.

"Iyayenmu mata, sannunku da zuwa. Ku koma inuwa mana, za a kawo ruwa."

Hinda ta miƙe. Ba ta buƙatar lasifika, muryar kasuwa gare ta.

"Ba ruwa ya kawo mu ba, Konseye, ruwa ai mun san inda ka kulle shi. Geron agaji muka zo karɓa. Yaronka ya karɓi katunanmu na zaɓe da sunanka, ya ce gero za a ba mu. Ga ƙorenmu. A zuba mana gero, ko a ba mu katunanmu."

"Wane kati? Ni ban san wannan zance ba."

"To wace ƙungiya ce? Faɗi sunanta, ga manya nan daga birni, ƙila sun san ta."

Wani daga cikin baƙin, mai farar shadda, ya cire tabarau yana kallon Barau. Wasu samari da ke riƙe da sanduna suka matso. Ɗaya ya sa ƙafa ya ture ƙwaryar Hinda, ta bugi ƙafar kujera ta tsage biyu. Wani ya ja hannun wata tsohuwa yana cewa su tashi. Hinda ta dunƙule hannu, amma ta tuna maganar Aziza, ta mayar da hannun bayanta.

"Ku fasa duka," in ji ta. "Mu dai muna nan."

A lokacin ne Ƙande ta tashi. Sidi ɗanta ne na fari, kuma kamar yadda aka saba, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, ko "mai moto". Duk garin ya san haka. Ta hango shi a bayan rumfa yana ƙoƙarin sulalewa.

"Sidi!"

Kowa ya juyo yana kallonta.

"Sidi, da kai nake. Ni na fara miƙa maka nawa. Na ce wa matan nan ba za ka yi mini ƙarya ba. Ka mai da ni abin nuni a bakin rijiya. Wallahi in rana ta faɗi katunan nan ba su dawo hannun masu su ba, ka nemi wata uwar. Nonon da ka sha ban yafe ba."

Sidi ya tsaya kamar an kafe shi. Ya kalli Barau, Barau ya kau da kai. Sai ya juya ya shiga shagon da ake tara gyaɗa, ya fito da baƙar leda, ya ajiye a gaban uwarsa, ya durƙusa bai ɗago ba.

Barau ya ɗaga murya. "Kun gani ko? Aikin yaron nan ne shi kaɗai! Ni ban aike shi ba!"

Babu wadda ta kula shi. Mata suka zazzage ledar a kan zane, ana ɗaga kati ana duba hoto ana miƙa wa mai shi. Wata ta rungume nata tana kuka. Ƙande ta sami nata. Amma da aka kai ƙarshe, sai aka ga mata da dama a tsaye hannu wofi, kuma duk waɗanda suka fi baki ne a maganar famfo. Hinda tana cikinsu. Ta karkaɗe ledar, ta juya ta ciki waje.

"Ina sauran?"

Sidi ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce an zaɓi wasu an cire tun ranar farko, ba a hannunsa suke ba. Aka tambaye shi wa ya cire, ya ƙi faɗa. Barau kuwa ya riga ya shige gida da baƙinsa, an rufe ƙofa. Matan suka zauna a wurin har la'asar, ƙofar ba ta buɗe ba.

Ranar zaɓe Hinda ta riga kowa isa lakwal. Ta shiga layi kamar kowa, da aka zo kanta ta faɗi sunanta da na mahaifinta, ta ce a duba, tana ciki. Shugaban biro, wato rumfar zaɓen, wani baƙon malami da aka turo daga wani gari, ya tambaye ta kati. Ta ce an sace. Ya tambaye ta ko tana da wata takardar shaida mai hoto. Ba ta da ita, kamar yawancin matan Tudu. Ya ce ya ji labarin abin da ya faru, ransa bai so ba, amma ba shi da ikon barin ta. Wakilin jam'iyyar Barau yana zaune a gefe yana wasa da alƙalami a hannu, yana murmushi.

"Kowa a ɗakin nan ya san ni," in ji Hinda. "Kai, ba nonona ka sha ka girma ba? Ke, ba ni na kai ki wajen hoto ba? Yau ni ce ba a sani ba?"

 Ta hangi zanar a kusurwa, taku kaɗan tsakaninsu. Aziza, wadda ta cika alkawari ta zo, ta kama hannunta a hankali ta fito da ita waje, ta rubuta sunanta da na sauran da aka hana.

Hinda ba ta koma gida ba. Ta tsaya a bakin ƙofar lakwal cikin rana. Duk matar Tudu da ta ga ba ta zo ba, sai ta aika a kira ta. Wata ta ce tana daka, Hinda ta je da kanta ta karɓi taɓaryar ta ce ta tafi. Wasu samari suka zo suna yaɗa cewa duk wadda ta je taron ƙore jandarmomi za su kama ta a layi. Hinda ta ce ƙarya ne, in kamu ne ita za a fara kamawa, ga ta nan tsaye. Layin bai watse ba.

Da azahar sai ga Hammadu ya taho da sandarsa a kafaɗa. Ya yi kati ne kawai don ta dame shi, kuma ya riga ya ce ba zai bar shanu don zaɓe ba. Ya tsaya kusa da ita yana kallon ƙasa.

"Wanne zan dangwala?"

Ta dube shi. Ta san me yake nufi, kuma ta san daga zuciya ya fito. Amma abin ya ƙara mata zafi.

"Naka ne, Malam. Ka shiga ka yi abin da ka ga dama. Nawa an riga an cinye."

Ya shiga, ya fito da tawada a yatsa, ya zauna a gindin katanga kusa da ita har aka rufe.

Da aka ƙirga, jam'iyyar Yunusa ce ta zo gaba a akwatin Gidan Kalgo, abin da ba a taɓa gani ba. Yunusa ya sami kujera. Amma Barau ma ya koma, domin sunansa ne a saman jerin jam'iyyarsa, kuma ƙuri'un sauran ƙauyuka sun ɗauke shi. Aka yi zaɓen shugaban ƙasa, aka yi zagaye na biyu, duk Hinda tana bakin ƙofa tana kallo. Bayan an gama komai, wata safiya ta fito tatsa ta tarar da katinta a ƙasa kusa da turken maraƙi, an jefo shi ta kan danga. Sauran matan ma haka suka tsinci nasu.

Ƙarar da Aziza ta kai ba ta yi nisa ba. Barau ya ce bai san komai ba. Sidi, wanda shi kaɗai zai iya faɗa, ya tsallaka iyaka ci-rani bai dawo ba. Barau ya sa ƙaya ya toshe hanyar shanun Hammadu, sai da suka riƙa zagaye mai nisa. Gidajen mutanensa suka daina sayen nonon Hinda. Yunusa ya yi ta tayar da maganar famfo a majalisa har aka fasa katangar ta gefe ɗaya aka fitar da bututu waje. Mata suka yi guɗa. Hinda ta ɗebi ruwan kamar kowa, amma ta ce kada wanda ya ce mata an biya ta.

Ta adana katin tana jiran zaɓe na gaba. Sai sojoji suka karɓi mulki, daga baya aka rushe majalisun komin, Barau da Yunusa duk suka koma gida. Har yau ba a sake kafa akwati a lakwal ɗin Gidan Kalgo ba.

A shekarar da ya rasa kujera ne Barau ya samu tafiya Makka. Kamar yadda maniyyata ke yi, ya bi gari yana sallama yana neman gafara. Ya zo Tudu da rakiyar mutum biyu, ya yi sallama a ƙofar Hammadu. Aka shimfiɗa masa tabarma. Hinda tana gefe tana kaɗa nono a cikin gora, ba ta tsaya ba.

"Yaya Hinda," in ji shi, "tafiya ta zo. Zaman tare ba a rasa saɓani. Duk abin da ya faru tsakaninmu, a yafe mini."

"Me ya faru?"

"To, abubuwa dai na siyasa."

"Wane abu? Faɗi sunansa. Ban iya yafe abin da ba shi da suna ba."

Barau ya kalli Hammadu yana neman ceto. Hammadu ya ce, "Uwar Hafsatu, mutum zai je ɗakin Allah."

"Shi ya sa. Can ba a cewa aikin yaro ne." Ta ajiye gorar. "Barau, ka raba uwa da ɗanta, Ƙande har yau ba ta san garin da yake kwana ba. Ka tsayar da ni a rana kamar baƙuwa a garin da na binne ƴaƴa. Ranar Juma'a ka tashi a ƙofar masallaci ka ce, ni na sa aka kwashe katunan matan Tudu, ni na ware na Hinda. In ka faɗa, kafin ka sauke baki na yafe."

Barau ya sunkuyar da kai. Ya shafa gemu, ya ce Allah ya sa mu dace, ya tashi ya sa takalmi. Juma'a ta zo, ya yi salla a sahun gaba, aka yi masa addu'ar tafiya, bai ce komai ba. Ya je ya dawo, yanzu Alhaji ake kiran sa.

Mutane da yawa sun ga laifin Hinda. Liman ya aiko mata da nasiha, ƴaƴanta ma sun yi mata magana. Ta ce ta ji, kuma ƙofarta a buɗe take, ranar da ya faɗa za ta cika alkawari. In sun haɗu a hanya yakan rage tafiyar moto ya ce, "Sannu, Yaya Hinda." Ita kuwa takan gyara ƙwarya a ka ta wuce.